Usta Widad da Duwatsu Goma Sha Ɗaya

Ranar Talata, sha tara ga Janairun bara, gari ya waye da iska daga arewa maso yamma, irin wadda ke kwantar da hayaƙin gidan burodi a kan rufin maƙwabta. Guguwar Gitas ce, kuma ba ta zo wa kowa ba zato ba, don ranarta na rubuce a kalandar kowane gidan shayi na Izbat al-Burj, garinmu na masunta a gaɓar tekun Masar. Ruwan bakin kogi ya koma kalar toka. Usta Widad, Usta kuwa laƙabin gwanin sana'a ne a wurinmu, ta buɗe shagonta ƙarfe bakwai kamar yadda ta saba shekara talatin da ɗaya, ta tuɓe takalmi a ƙofa, ta wanke hannu da sabulu sau uku, sannan ta je ta duba ƙwanta.

Ƙwai masunta ke ce musu don tsokana. Gaskiyarsu duwatsu ne, farare tas kamar gilashi, kowanne bai wuce farcen babban yatsa ba, kaurinsa kuwa bai kai na katin sigari ba. Kowace oba-oba da ke cikin jiragen garin nan tana da biyu, ɗaya na kunne, ɗaya na baki. Idan wutar batir ta taɓa dutsen sai ya kama rawa, rawar da ido ba ya gani, kuma saurin rawar ne ke riƙe muryar jirgi a kan layin da kowa ke saurare. Dutse mai kauri rawarsa a hankali take, siriri kuwa da sauri. Aikin Usta shi ne ta goge shi a kan farantin gilashi da ɗan garin goge da ruwa, tana zagaya shi da yatsu biyu, tana wankewa, tana gwadawa a ma'auni, har ya zauna daidai kan layi. Abin da aka goge ya tafi ke nan. In hannu ya zarce da zagaye uku, dutsen ya haura sama, ba kuma mai dawo da shi.

Da ya zauna, sai ta rage masa gefuna kaɗan don ya yi rawa sakayau, ta wanke shi da sipirit, ta ɗauke shi da matsefata ta sa a ɗan gidansa mai ƙafa biyu. Daga nan ne rigima ke farawa, don ba ta miƙa wa mai shi. Tana da wani tsohon injin ƙyanƙyasar ƙwai da ta samo a wani gidan kaji a Dumyat, nan take jera su cikin ɗumi, kowanne da sunan jirginsa, su yi kwana arba'in. Ta ce sabon dutse kamar sabon katako yake, yana motsi, sai ya gama miƙe jikinsa sannan ta yi masa gyaran ƙarshe.

Ka duba fa, wannan gari ne da mutum ba ya iya jiran shayinsa ya huce. Gari ne kuma da komai ke ƙarnin kifi, daga takardar kuɗi har hular liman, amma ita dokarta wanda ya taɓa kifi ba ya ƙetare dokin ƙofarta. Maiƙon yatsa ɗaya, in ji ta, ya isa ya danne rawar dutse. Saboda haka manyan masu jirage, mutanen da ke daka wa maza goma tsawa a tsakiyar teku, a bakin ƙofa suke tsayawa kamar masu jiran allura a asibiti, suna leƙe.

"Usta, yau dai an ƙyanƙyashe?"

"Saura kwana tara."

"Kazar maƙwabcina kwana ashirin da ɗaya take yi, kuma ita har ƙwai muke ci."

"To je ka ɗaura kazar a jirginka, in injinka ya mutu ta kira maka taimako."

Shekara talatin da ɗaya ana wannan. Amma ka tambayi Rayyis Hilmi, Rayyis muke ce wa shugaban jirgi, dattijon da ya fi kowa daɗewa a ruwa, zai gaya maka da dutsenta ya taɓa magana da ofishin ƙungiyar masunta daga kusa da tsibirin Kubrus, kuma an ji shi kamar yana bayan taga. Ka tambayi Ustaz Fikri, mai zaman oba-obar ƙungiyar, zai ce yana gane jirgin da ke ɗauke da aikinta tun kafin a faɗi suna, don muryar tana zuwa a tsaye, ba ta karkata. Duk sun sani. Sun sani, amma kowannensu in ya zo kan nasa dutsen sai ya ga kwana arba'in zalunci ne.

Mako uku kafin wannan Talatar, dutsen bakin Yasmina ya tsage. Yasmina jirgin Rayyis Mandur ce, mu tara ne a cikinta har da mai wannan rubutu. Abin da ya faru a tudu daga bakin Ustaz Fikri da matar Mandur na ji shi, abin da ya faru a ruwa kuwa ba sai an ba ni labari ba. Usta ta goge wa Mandur sabo a yini biyu ta sa a injin. Da ya cika kwana goma sha biyu, Mandur ya zo ƙofa.

"Ba ni abina, Usta. Kifi ya taso, ba zan zauna ina kallon mutane suna shigowa da kaya ba."

"Saura ashirin da takwas. Ka fita tare da jirgin ƙaninka, kuna ganin juna, shi ya zama bakinka."

"In bi ƙanina? Ya ga inda nake jefa taru?"

"Wannan tsakaninku. Ɗanyen dutse dai ba ya fita daga shagon nan."

Kwana biyu bayan haka sai ga shi ya dawo yana murmushi, da wani ɗan gidan dutse a tafin hannu. A Bur Sa'id ya samo, wurin wani mai sayar da kayan tsofaffin jirage. Ya ɗaga mata shi daga bakin ƙofa don ta gani. Ta ce ya ajiye a kan takarda. Ta kwance noti biyu, ta ɗaga dutsen a hasken taga, ta daɗe tana kallo. A tsakiyarsa akwai ɗan baƙi-baƙi.

"Ka san mene ne wannan, ɗan Zakiyya?" Da sunan mahaifiyarsa take kiransa in ranta ya ɓaci, don ta san shi tun yana yawo ba wando. "Fensir ne. Wannan dutsen na wani layi ne da ke sama da namu. Aka shafa masa fensir don ya yi nauyi, rawarsa ta ragu, ya faɗo kan namu. A tudu zai yi aiki. Ka kai shi inda damshi yake, inji yana girgiza shi dare da rana, fensirin zai kakkaɓe, muryarka ta haura ta bar ka."

"Haushi kike ji don wani ya iya abin da kika iya, kuma shi ba ya kwanci a kansu."

Ya ɗauki abinsa ya tafi bakin ruwa, ya sa, ya kira ofis. Ustaz Fikri ya amsa cewa yana jin sa tangaran. Mutanen da ke gyaran taru suka kwashe da dariya, wani ya yi kukan kaza. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba. Ita kuwa ta koma ciki ta wanke hannu, don ta taɓa abin da ya fito daga aljihun masunci.

Akwai wata ɗabi'a tamu da ya kamata a faɗa a nan, ko da yake kowa ya san ta. Babu mai jirgin da ke faɗin gaskiyar inda zai jefa taru. In ya ce gabas, yamma zai yi. Uba ba ya gaya wa ɗa, wa ba ya gaya wa ƙane. Mandur ya rubuta a ofis cewa ya nufi gabas, wajen Bardawil. Da muka fita bakin kogi ranar Asabar, sai ya juya kai arewa maso yamma, can saman Baltim. Ya ce zai cika jirgi ya dawo kafin Gitas ta tashi. Kifin ya yi yawa, ya ƙara yini ɗaya.

Da la'asar ɗin Talata raƙumin ruwa ya shiga ɗakin inji, inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Mandur ya ɗauki abin magana ya kira. Ba amsa. Ya sake kira. Muna jin Ustaz Fikri sarai yana ƙirga jiragen da suka shigo, yana tambayar ko akwai wanda ya ga Yasmina. Mandur yana ce masa ga mu, ga mu, shi kuwa yana ci gaba da tambaya. Kunnenmu aikin Usta ne, yana nan daram. Bakin ne ya gudu.

Ban san ko akwai abin da ya fi wannan cin rai ba. Washegari da safe muka ji ana shirya jirage biyu su fita nemanmu. Muka ji an ce su nufi Bardawil. Muka ji wani yana cewa tunda shiru ne, to jirgin ya nutse tun jiya, a daina jefa rayuwar mutane a haɗari. Muna kwasar ruwa da bokiti, iska tana tura mu zuwa rairayin da ke kakkarya jirage, muna sauraron garinmu yana shawarar zaman makokinmu. Abduh mai girki ya ce, "Rayyis, in sun yanka rago don mu, ka ce su ajiye mini cinya." Ba wanda ya yi dariya.

A daidai wannan safiyar ta Laraba, Usta Widad ta buɗe shago ƙarfe bakwai. Ba ta ji labari ba, don ba ta zama a gidan shayi kuma ba ta tambayar abin da bai shafe ta ba. Tana cikin juya duwatsunta a injin sai ga Sabriya, matar Mandur, ta zo ta tsaya a ƙofa. Daga kasuwar kifi take, hannunta duk ɓawo.

"Yaya, baban Samir bai dawo ba. Tun jiya ba a ji shi ba."

Usta ta ajiye matsefata. "Ba a ji shi ba, ko ba ya nan?"

"To mene ne bambancin, Yaya?"

"Shigo."

Sabriya ta dubi hannunta ta dubi ƙofar. Usta ta ce ta shigo haka nan, ta riƙe mata farantin gilashin. A shekara talatin da ɗaya ita ce mai ƙarnin kifi ta farko da ta taka tabarmar shagon nan. Usta ta buɗe injin ƙwan, ta tsaya tana karanta sunaye. Duwatsun kunne irin na oba-obar ofis guda goma sha ɗaya ne a ciki, na jirage daban-daban. Ta kwashe su duka ta naɗe a sabon ƙyalle.

Ofishin ƙungiya cike yake da maza da hayaƙin sigari. Usta ta ratsa su da farantinta da ma'auninta da kwalbar sipirit, ta ture kofunan shayi daga teburin Ustaz Fikri.

"Ustaz, tun jiya me kuke ce masa?"

"Wa? Muna kira ne dai, Usta, ba amsa."

"Kuna kira kamar masu kiran gawa. Mutumin nan yana jin ku. Kunnensa ni na goge shi, shekara shida ke nan, ba abin da zai same shi. Bakinsa ne ya haura sama, kuma na gaya masa zai haura. Yana can yana ihu a kan layin da ba kowa."

"To ta yaya za mu hau mu same shi? Wannan akwatin layi ɗaya ya sani."

Gaskiyarsa. Oba-obar ofis ce kaɗai ke haɗe da doguwar eriyar da ke jin nesa, kuma ita ma dutse ke riƙe da kunnenta. Usta ta shimfiɗa ƙyallen. Ta ce za ta yi tsani. Za ta goge na farko ya ɗara layi kaɗan, na biyu ya ɗara na farko, na uku ya ɗara na biyu, a riƙa sa su ɗaya bayan ɗaya ana saurare har a tarar da shi. Guda ɗaya ba zai yi ba, don muryarsa ba a tsaye take ba, fensirin yana ci gaba da zuba, kuma dutsen da ya wuce wuri ba ya komowa.

Rayyis Hilmi ya leƙo ya ga sunan jirginsa a jikin ɗaya. "Usta, wancan nawa ne. Kwana talatin da takwas ina jiransa."

"Na sani. Da shi zan fara, ya fi sauran zama."

"In kin goge shi fa?"

"Ka sake jiran arba'in."

Dattijon ya dubi Sabriya da ke tsaye riƙe da kwalba. Can ya ce, "Kashe sigarin nan, kai. Ba ka ga ana aiki ba?" Ya kori rabin ɗakin waje.

Sannan ta karɓi abin magana daga hannun Ustaz Fikri. Ba ta taɓa magana a oba-oba ba duk tsawon shekarun nan, ita da ta sa wa kowace murya. Mu a can, ruwa ya kai mana ƙwauri, sai muka ji muryar mace ta fito daga akwati.

"Ɗan Zakiyya, Widad ce. Na san kana ji na, kada ka ɓata batir wajen amsawa. Na gaya maka ko ban gaya maka ba? Yanzu saurara. Ka yi shiru. In ka ji na ce yi magana, ka danna ka ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin a hankali, ka saki. Ƙirga kawai, ban da surutu. Ka yi yadda na ce ko sau ɗaya a rayuwarka."

Duk gaɓar teku daga Baltim zuwa Bur Sa'id ta ji wannan. Mandur ya zauna a kan akwatin kifi, ya dafe kai. Ya ce, "Ko a nan ma ba ta bar ni ba." Amma daga lokacin bai sake danna abin maganar ba sai da izini.

Ta fara da hantsi. Ustaz Fikri ya ce bai taɓa ganin aiki irin wannan ba. Zagaye biyar a gilashi, ta wanke, ta busar, ta sa a gida, ta ɗaure noti, ta gwada a ma'auni, ta miƙa masa ya soka. Ta ce, "Yi magana." Ɗaki ya yi tsit. Ba komai sai shuuu na iska. Ta ɗauki na gaba. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, taga tana kaɗawa, sanyi ya sandarar mata da yatsu, ga matar da ke yini biyu a kan dutse ɗaya tana gama shi cikin rabin awa. Na huɗu ya tsage a ƙarƙashin yatsanta. Ta kalle shi, ta ce masa, "Kai ma yau ka zaɓa?" ta ture shi gefe. Na shida ya zarce inda take so, ta ajiye shi don gaba. Wajen azahar fatar yatsunta biyu ta cinye, ruwan farantin ya fara ja, ta sa Sabriya ta zubar ta sako sabo, don jini ma datti ne a wurin dutse.

Mutane suka fara ƙananan maganganu a bayanta. Wani ya ce ana ɓata duwatsun bayin Allah a kan jirgin da ya riga ya kwanta a ƙasan teku. Wani kuma ya ce, kuma ya faɗa yadda za ta ji, da ta ba mutumin nan ɗanyen dutsensa tun farko da bai je Bur Sa'id ba. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ɗanyen dutse yana tafiya, ba ya kuma gaya maka ina zai nufa. Na fensir na san hanyarsa. Matsa, kana tare mini haske."

Na sha juya wannan magana a raina. Akwai ranakun da nake ganin mutumin yana da gaskiya, don taurin kan matar nan ya isa ya sa waliyyi ya ciji yatsa. Amma da ɗanye muka fita da shi ya gudu, ba wanda zai san sama ya yi ko ƙasa.

Mu dai muna ƙirgawa. Sau shida ta ce yi magana, sau shida Mandur ya ƙirga zuwa ashirin, kuma kowane karo fitilar akwatin tana ƙara dusashewa. Ya ce batir ba zai kai magariba ba. Bayan la'asar ta sa na tara. Ta ce, "Yi magana." Ustaz Fikri ya ce da farko kamar sauro ne, sannan suka ji, can ƙasa-ƙasa, "sha huɗu, sha biyar, sha shida," sai ya ɓace. Sabriya ta saki kwalbar sipirit ta fashe. Usta ba ta ko waiga ba. Ta ce ya ƙara hawa. Ta sa na shida wanda ya zarce ɗazu, shiru, ya yi sama da yawa. Ta goge na goma a tsakaninsu, ya ba da rabin murya. Saura ɗaya. Ta yi masa zagaye bakwai, ta gwada, ta ƙara biyu, ta tsaya tana kallonsa, ta ƙara rabin zagaye.

"Ɗan Zakiyya, wannan ne na ƙarshe, ba ni da wani. Bar ƙirga. Faɗi inda kake, kuma ka faɗi gaskiya, ba kifinka muke so ba."

Ya faɗa. Duk gaɓa ba ta ji shi ba, ɗakin nan kaɗai ya ji. Saman Baltim, iska tana tura mu kudu maso gabas, inji a mace, mutum tara, duk da rai. Rayyis Hilmi ya ce, "Bardawil, ko? Maƙaryacin banza," yana faɗa yana ɗaura rigar ruwansa. Da tsohon kunnensa mai rauni ya fita, tunda sabon yana kan tebur ya zama tsani. Da hantsin Alhamis ya iso mu. Ya kwashe mu zuwa jirginsa, ya ɗaura wa Yasmina igiya, ta bi shi awa biyu, sannan ta sunkuyar da kai ta fara nutsewa. Muka yanke igiyar muna kallo.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro, ni da na bar makaranta tun ina aji biyu na sakandare kuma ban iya zama wuri ɗaya ba. Ƙungiya ta yi walima. Aka dafa agwagi da albasa, aka yi shinkafar masunta, aka raba mushabbak, kayan zaƙin garinmu. Aka ba Rayyis Hilmi takardar yabo, kuma ya cancanta. Aka ba Mandur ma, wai don jarunta. Aka yi jawabi huɗu. Na zauna ina jira in ji sunanta har aka kwashe faranti. Da na tambayi shugaban taron, sai ya ce ai Usta aikinta ta yi. Masu duwatsun nan kuwa, huɗu daga cikinsu sun je ƙofarta a makon suna tambayar yaushe za a ƙyanƙyashe nasu. Ta goge musu sababbi da yatsu a naɗe, suka kuma yi kwana arba'in, ba ragi.

Mandur ya je gode mata. Ya yi wanka, ya sa sabuwar riga, ya tsaya a ƙofa da tire na kayan zaƙi. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Naka ya cika tun shekaranjiya, ga shi nan, sai dai ba ka da jirgin da za ka sa shi." Ta miƙo masa a takarda. Yana nan a aljihunsa har yau, yana aiki a jirgin ƙaninsa.

Ƙarshen watan nan za ta rufe shago. Sababbin oba-oba sun shigo, masu maɓallai, ba su bukatar a goge musu komai da hannu, kuma yatsun nan biyu ba su sake jin gilashi yadda suke ji da ba. Za ta koma Mansura wurin 'yarta. Injin ƙwan an ce wani mai kaji zai ɗauka, zai koma aikinsa na asali.

Usta, na san in aka karanta miki wannan za ki ce na cika surutu. Ki yi haƙuri, sau ɗaya ne. Ke ce kika tsayar da mu a ƙofa shekara talatin da ɗaya muna zaginki a ciki, kika kuma buɗe ƙofar ranar da ya kamata. Ke ce kika ce muna ji, lokacin da garinmu ya gama yanke cewa mun mutu. Mai hannun da ba ya zarcewa, kin goge aikin wata da watanni a yini ɗaya ba ki nemi shawarar kowa ba. Na yi miki dariya a bakin ruwa ranar da aka yi miki kukan kaza. Na gode, a madadina da mutum takwas, da iyayenmu mata, da 'ya'yan Abduh guda biyar.

Ku kuwa mutanen Izbat al-Burj, saura kwana goma sha shida. Shagon yana bayan masana'antar ƙanƙara, kun san shi, kun sha tsayawa a gabansa kuna huci. Ku wanke hannu ku je ku gaishe ta. Masu gyaran inji, masu ɗinkin taru, masu sa sababbin akwatunan nan, in aikinku na bukatar kwana arba'in, ku riƙe shi kwana arba'in ko da ana muku kukan kaza. Masu jirage kuma, ku yi wa junanku ƙaryar da kuka saba, amma ku rubuta gaskiya a takarda ku rufe ku bar wa Ustaz Fikri kafin ku fita.

Ga abin da guguwar Gitas ta bara ta ci. Yasmina, da injinta da tarunta biyu. Akwatin kifi ɗari da talatin. Yatsu biyu na hannun hagun Abduh, igiya ta cinye su. Duwatsu goma sha ɗaya, da kwalbar sipirit ɗaya. Fatar yatsun Usta Widad guda biyu. Mu tara muka fita, mu tara muka dawo.